Idon Delu

Na sa an rubuta wannan ne saboda iyayen da za su ga idon ɗansu yana kumbura duk lokacin da mura ta kama shi, in ta sake shi kumburin ya sace. Ni ban sami wanda zai gaya mini da wuri ba.

Sunana Kande. An kai ni aure wani ƙauye a bayan Dayi, gidan manoman auduga, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki. Gidan gandu ne. Yaya Audu, wan mijina, shi ne maigida, shi ke riƙe da rumbu, shi ke cewa a yi ko a bari. Mijina Malam Sule mutum ne mai sanyin hali. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa musa wa wansa ko da a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Delu ita ce 'yata ta fari. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Yanzu na tsufa, kunyar ta ƙare, shi ya sa kuke jin sunan a bakina.

Tun da aka yaye ta na lura idonta na hagu ya ɗan fi na dama fitowa. Fatar idon tana da wani shuɗi-shuɗi kamar an goga mata baba, a gefen farin idon kuma akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu ruwa, kamar ƙwan kwaɗo. Ba ya mata ciwo. Sai in mura ko tari ya kama ta, idon ya tashi ya yi suntum, in ta warke ya koma.

Wannan komawar ita ta yaudare mu. Wata tsohuwa a gidan ta ce a ɗiga mata nonon mai jego, aka ɗiga, bayan kwanaki ya sace, ta ce kun gani. Da ya sake tashi aka karɓo rubutu aka wanke mata fuska da shi, ya sace. Wata Bamagujiya da muke haɗuwa a rijiya ta ce iska ce ta gifta mata, a yanka jan zakara, aka yanka, ya sace. Kowa ya kawo nasa sai ya ci, don ko ba a yi komai ba zai koma da kansa. A haka muka yi shekaru, kowa a gidan yana da maganin idon Delu.

Shekarar da ta fara famfara, muna gona muna cirar auduga da hantsi, sai na ji ta ƙwalla ƙara. Na zaci kunama ce. Na same ta durƙushe ta dafe fuska, tana cewa, "Inna, wani abu ya fashe a kaina." Kafin azahar idon ya turo waje kamar ƙwan zabo, fatar ta kasa rufe shi, ta yi ta amai. Yaya Audu ya aika aka kira wanzamin gidan, wanda ya cire mata belu tun tana jaririya. Ya yi mata tsaga a gefen goshi ya kafa ƙaho. Jini ya fita, idon bai motsa ba.

Allah ya sa lokacin an fara sayar da auduga, akwai abin hannu a gida, ran maigida a sake yake. Malam ya roƙe shi, shi kuma ya ce mu je. A Malumfashi malamin asibiti ya duba ta, ya shafa mata wani man ido, ya ce da Malam, "Wannan ya fi ƙarfina. Kada ku koma gida, ku wuce Zariya." Muka hau bayan motar auduga zuwa Funtuwa, muka kwana a tasha, washegari muka sami wata motar. Akuyata ce ta tafi a kuɗin wannan tafiya.

Ban taɓa ganin taron marasa lafiya kamar na babban asibitin nan ba. Ka bi layi ka karɓi kati, ka bi wani layin a ce likitan ido ba yau yake gani ba. Muka yi kwanaki muna kwana a gindin mangwaro tare da wasu masu jira, ina jiƙa tsumma ina rufe mata idon don kada ya bushe, ƙudaje suna bin mu. A layin ne wata nas ta ji ina lallashin yarinyar, ta tsaya ta ce, "Baiwar Allah, daga ƙasar Malumfashi kuke?" Sunanta Maryamu, Kirista ce, iyayenta manoma ne a can wajenmu. Ita ta shigar da mu, ita ta yi mana tafinta. Duk inda take, Allah ya saka mata.

Likitan Bature ne, dogo, ba ya fara'a. Ya daɗe yana latsa gefen idon yana haska shi da fitila. Abin da ya faɗa ta bakin Maryamu har yau yana kaina. Ya ce da abin aka haife ta. Ya ce a bayan idon akwai wani abu kamar saƙar zuma, ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da ruwansa, in mura ta zo sai su cika, wannan karon kuma jini ne ya zuba a cikin ɗaya shi ya turo idon. Ya ce ba ciwon daji ba ne, ba ya kisa. Sannan ya ɗaga yatsa ya nuna tsagar da ke goshinta.

Maryamu ta ce, "Ya ce in gaya muku wannan ba ƙurji ba ne. Ba shi da bakin da za a buɗe ya zube. In an huda ɗaki ɗaya, sauran suna nan. Kada ku yarda a sa mata aska, ko wa ya ce."

Malam ya ce, "To, mun ji."

Suka sa ta barci, aka zuƙe jinin da allura. Maryamu ta nuna mini shi a kwalba, baƙi-baƙi kamar ruwan jiƙon kanwa da ya kwana. Kafin mako ya zagayo idon ya koma gurbinsa, tana gani da shi, har tana ƙirga mini tsuntsaye a kan rufin kwano. Likita ya ce ba a iya cire abin duka ba tare da an ɓata idon ba, sai dai a riƙa lallaɓa shi har ta girma, wataƙila ya lafa. In ya sake tashi da zafi irin wannan, mu dawo ranar, kada mu jira. Muka koma gida ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka.

Ya sake tashi a tsakiyar damina, lokacin da ba wanda yake da komai. Rumbu ya yi ƙasa, maza suna maimai, ciyawa tana neman cinye auduga. Tari ya zaga yaran gidan, ya zo kanta. Da safe ta ce kanta na sara, da yamma idon ya fito kamar wancan karon.

Na je na durƙusa a ƙofar turakar Yaya Audu, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Yaya, likita ya ce in ya tashi a mayar da ita ranar."

Ya ce, "Likitan ne zai zo ya yi mini maimai?"

"Ni kaɗai ma zan iya kai ta, in an ba ni na mota."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ke kam wace irin mace ce? 'Yar fari ce fa. Kina ta rawar jiki a kanta a gaban mutane kamar a kanki aka fara haihuwa. An kai ta Zariya, an ƙarar da dukiya, ga shi ya dawo. Me suka yi? Tashi ki ba ni wuri. In an yi kaka a duba."

Ina da wa, Garba, yana noman rake a Danja. Na ce zan je wurinsa in samo na mota. Kafin in fita na sami Malam yana wasa fartanya, na ce, "Malam, ka ji abin da likita ya faɗa da kunnenka. Don girman Allah kada ka bari kowa ya taɓa ta kafin in dawo."

Ya ce, "In sha Allahu ba mai taɓa ta."

Ruwa ya ɓata hanya, motoci ba sa wucewa sai jefi-jefi, rabin tafiyar da ƙafa na yi ta. Garba ba shi da komai a hannu, sai da ya jira ranar kasuwa ya sayar da tunkiyarsa. Ya ce shi ma zai bi ni. Tafiyar da na ɗauka ta kwana ɗaya ce sai ta ci kwanaki.

Tun daga zaure na ji warin. Delu tana kwance a ɗakina, rabin fuskarta ya kumbura har hancin ya karkace, an cusa mata dakakken ganye a idon an ɗaure da tsumma. Jikinta kamar garwashi. A gefenta Gwaggo Asabe ce zaune, yayar su Malam da ke aure a Mahuta, tana yi mata fifita.

Gwaggo ta ce, "Sannu da yawo. Kin tafi kin bar yarinya tana kuka, mu mun yi abin da ya kamata. Da kin ga abin da ya fito! Da wanzam ya ɗaga fatar ya tsaga, ruwan banza ya yi tsartuwa har bango. Nan take ya sace, har guɗa aka yi. Wannan da kike gani dafin ne yake ƙarasa fita."

Na kwance tsumman. Baƙin idon ya zama fari fat, ruwan mugunya yana bin kuncinta.

Malam yana tsaye a bakin ƙofa. Bai bari mun haɗa ido ba. Ya ce, "Ina gona aka yi. Da na dawo an riga an gama."

Ban je turakar kowa neman izini ba. Na ɗauke ta na goya, ƙafafunta suna dukan gwiwoyina don ta wuce goyo, na fita. Yaya Audu ya ɗaga murya daga tsakar gida ya ce in na ƙetare zauren nan da yarinyar, in san inda zan koma. Garba ya ɗauki ƙullin kayanmu muka wuce.

A cikin mota, tsakanin Funtuwa da Zariya, zazzaɓin ya ɗan sake ta. Ta ce a hankali, "Inna, na yi ta kiranki. Gwaggo ta danne mini kai, Baba ya riƙe ƙafafuna." Malam kaɗai take kira Baba. Garba ya ji. Ya juya fuska waje.

Wannan karon ba mu bi layi ba. Maryamu tana ganin fuskar ta ja mu ciki. Likita ya buɗe, ya duba, ya jefar da abin da ke hannunsa a cikin tasa, ya yi ta faɗa da Turanci yana kallona. Maryamu ba ta fassara duka ba, ta dai ce, "Yana tambaya wa ya yi wannan." Na ce wanzami ne. Ya ce ai ya gaya mana. Na ce ya gaya mana. Ban ce masa ba na nan aka yi ba, don ban ga abin da hakan zai gyara ba.

Aka ba ta gado, aka shiga yi mata allura safe da yamma har ɗuwawunta suka yi tauri, babu sauran wurin sokawa. Zazzaɓi ya ƙi sauka. Ta fara surutai, wuyanta ya fara sanƙarewa. Wata safiya likita ya kira ni ofis. Ya ce idon ya riga ya mutu, ya ruɓe, ruɓar kuma tana neman hanyar shiga ƙwaƙwalwa. In an cire, akwai rabon ta rayu. In an bari, ba ya jin za ta kai Juma'a. Ya tambaya ina uban.

Garba ya ce, "Ni kawu ne, ba ni da iko a kan 'yar mutane." Ya ce ko a aika gida. Maryamu ta ce kafin saƙo ya je ya dawo an yi jana'iza.

Duka suka zuba mini ido. Na ce, "A cire."

Ni na faɗa, ba wanda ya tilasta mini, kuma ko yau aka sake tambayata abin da zan ce ke nan.

Da ta farfaɗo ta kai hannu ta shafa bandejin. Ta ce, "Inna, yaushe za su mayar mini?" Na ce ta yi barci.

Sauran jinyar wankin rami ne. Kullum da safe sai an zaro tsumman da aka cusa a gurbin, an wanke, an cusa sabo. Tana jin ƙarar keken kayan wanki daga nesa za ta fara ihu. Ma'aikata ba su da yawa, don haka ni ke hawa gadon in danne hannuwanta da ƙirjina, in riƙe kan. Fuskata ce a saitin idon da ya rage mata. Tana kallona tana cewa, "Inna ki bari, Inna na tuba." Haka kowace safiya, mako bayan mako. Da rana in ba ta koko ta kau da kai, sai in Maryamu ce ta ba ta. Garba ya koma gonarsa. Tasoshin aurena da na taho da su na sayar ɗaya bayan ɗaya a bakin asibiti muka ci. Daga gidan mijina ba wanda ya leƙo.

Zazzaɓi ya sauka, ramin ya bushe. Likita ya ce sauran saƙar tana nan a ciki, za ta riƙa ɗan tashi in an yi mura, amma ba abin tsoro ba ne in an bar ta. Ranar sallama Maryamu ta dubi zanen jikina, wanda jini da mugunya suka ɓata har sabulu ya gaji, ta ce ba zan shiga mota da shi ba. Ta kawo mini nata, atamfa mai ruwan ganye, sau ɗaya ta taɓa ɗaura shi, ta haɗa wa Delu da gwangwanin madara. Na yi ta godiya har da hawaye.

Mun iso gida ana yankan gero. Yaya Audu ya sa aka kwance ɗankwalin da na rufe mata gurbin da shi, a tsakar gida, a gaban kowa. Mata suka yi salati, yara suka watse da gudu. Ya ce, "Kin fita da yarinya da ido biyu." Wanzami ma an kira shi, ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce aikinsa ya kusa kamawa, da an ƙara haƙuri kaɗan da yanzu tana gani.

Gwaggo Asabe ce ta kama bakin zanena ta murza. Ta ce, "Wannan fa? Kin tafi ba ki da ko anini, kin dawo da sabuwar atamfa da madarar gwangwani. Dama an ce Turawan nan sayen idon yara suke yi suna haɗa magani."

Na ce wata nas ce ta ba ni. Ta ce, "Haka kawai? 'Yar uwarki ce?"

Kafin kasuwar Dayi ta sake ci, maganar ta gama ƙauyukan. In na je rijiya mata su janye 'ya'yansu. Ba a yi wata guda ba Malam ya shigo ɗakina, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce Yaya ya ce ba za a zauna da macen da ta fita ba izini ta dawo da abin kunya ba. Ya ce ya sake ni. Yana faɗa yana kuka. Na ce, "Malam, kai ka san gaskiya." Ya ce, "Na sani. Ki yi haƙuri." Ya fita.

Yarinya ta wuce yaye, ta gidan ubanta ce. Suka ba Gwaggo ita ta tafi da ita Mahuta. Ni na koma Danja wurin Garba.

Sai da shekara ta zagayo na sami zuwa Mahuta. Na tafi mata da mazarƙwaila da ɗan zane. Na same ta a bayan gida tana surfe ita kaɗai, ta yi tsawo, ta ja ɗankwali ta rufe rabin fuska. Ta gan ni, ta ajiye taɓarya, ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙuwa. Na miƙa mata ƙullin, ba ta karɓa ba. Sai ta ɗago kai.

Ta ce, "Nawa suka ba ki?"

Na buɗe baki, Gwaggo ta ƙwala mata kira daga cikin gida. Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige. Na koma sau da dama bayan wannan, kullum a ce mini an aike ta.

Don haka duk wanda ya ga irin wannan kumburi a idon ɗansa, kada sacewar da yake yi ta ruɗe shi. Ku kai asibiti tun ido yana gani. Kada ku yarda da aska, kada ku yarda da ƙaho, in kuma za ku fita neman kuɗin mota, ku fita da yaron a bayanku, kada ku bar wa kowa amanarsa. Na gode wa Garba, na gode wa Maryamu, na gode wa likitan nan duk da faɗansa. Sauran kuma na bar su da Allah.

Delu ta girma, ta yi aure a can wajen Dandume, ta haifi 'ya'ya, duka da idanunsu lafiya. Labari nake ji a bakin masu zuwa cin kasuwa. Ba a kira ni bikinta ba, ba a kira ni suna ko ɗaya ba. A Zariya, duk tsawon jinyar nan, addu'ata ɗaya ce, Allah ya bar ta da rai ko da ido ɗaya ne. Ya karɓa, ya bar ta da rai. Ban san ya kamata in roƙa a bar mini ita ba.